Jakar Barci Mara Nauyi: Wacce Ta Dace da Kwanan Fili a Ƙasar Zafi?

Wanda ya saba kwana a tsakar gida lokacin bazara, da tabarma da ɗan mayafi kawai, zai iya ɗaukar sayen jakar barci, wato mayafin da aka ɗinka kamar buhu don mutum ya shige ciki ya kwanta, a matsayin ɓarnar kuɗi, kuma idan ana maganar watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, lokacin da dare kan tsaya a wajen digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, yana da gaskiya. Sai dai tsakar gida daban, daji daban. Katangar gida takan sha rana wuni guda, ta riƙa sako zafinta har gari ya waye, alhali a fili babu abin da ke riƙe ɗumi, shi ya sa mutum kan kwanta yana fifita bayan sallar isha'i, ya farka da ƙarfe huɗu na asuba yana lalube cikin kaya ko zai sami abin rufa. Saboda wannan sa'a ta asuba ake sayen jakar barci a ƙasashenmu, kuma da ita ya kamata a auna kowace jaka kafin a biya kuɗinta.

Tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce ina zai kwana, kuma a wane wata. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, daren Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13, na Jos kuma yakan yi ƙasa da haka. Tudu yana ƙara nasa, domin a kowace mita 1,000 da aka hau iska kan yi sanyi da kusan digiri 6 da rabi, wanda ke nufin ɗalibin da zai je tsaunin Mambila, mai tsayin kusan mita 1,600, ko wanda zai hau Chappal Waddi a gandun Gashaka Gumti, mai mita 2,419, bai kamata ya yi shiri da lissafin daren Jalingo ba. Wanda zai kwana a Yankari kuwa a watan Maris, damuwarsa zufa ce da sauro. A ganina, jakar da aka yi wa daren digiri 10 zuwa 15 ta wadatar da mafi yawan tafiye-tafiyen da mutanenmu ke yi, sai fa wanda ya nufi kan duwatsu ko hamadar Agadas a tsakiyar ɗari, wanda shi tasa jakar ta fita daga sahun marasa nauyi.

A jikin jaka mai kyau akan ga lambobi uku na ma'aunin sanyi, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Lambobin sun fito ne daga gwajin da ake yi bisa ƙa'idar ISO 23537, wadda ta gaji tsohuwar ƙa'idar Turai ta EN 13537, inda ake saka mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar, sanye da tufafin ciki, kwance a kan shimfiɗa, a auna yadda zafi ke fita daga jikinsa. Lamba mafi girma ita ce sanyin da mai saurin jin ɗari zai yi barci a cikinsa a miƙe, hankali kwance. Ta tsakiya ita ce iyakar da mai jure sanyi zai kai, shi ma a duƙunƙune. Ta uku, wadda ta fi ƙanƙanta, tana nuna inda mutum zai iya tsira da ransa ne kawai yana kakkarwa, kuma abin haushi ita ce wadda wasu 'yan kasuwa ke bugawa da manyan haruffa a jikin buhun. Mutumin da ya tashi a ƙasar zafi, wanda digiri 15 kan sa shi neman rigar sanyi da hular kunne, ya dubi lambar farko ya ƙyale sauran. Idan kuma jakar ba ta ambaci wata ƙa'ida ba, an dai rubuta lamba guda a jikinta, to wannan faɗar mai kaya ce, kaurinta a hannu ya fi lambar gaskiya.

Abin da aka cusa a ciki shi ne babban wurin zaɓi, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne lallausan gashin da ke ƙarƙashin manyan gashin jikin agwagwa ko dinya, wanda babu abin da ya kai shi ɗumi idan aka gwada da nauyinsa. Jakar bazara da aka yi da shi ba ta cika wuce rabin kilo ba, kuma idan an matse ta takan koma kamar ɗan ƙaramin burodi. Ana auna ingancinsa da yadda yake kumbura, lambobin kan fara daga wajen 550 su kai 900, kuma duk yadda lambar ta hau haka tsada ke hawa. Aibinsa shi ne ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Da ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina riƙe ɗumi, bushewarsa kuma aiki ce, wankinsa ma sai da sabulu na musamman da haƙuri. Na biyu shi ne zaren roba na foliyesta, wanda ya fi nauyi, ya fi cin wuri a cikin kaya, kuma yakan lafe bayan wasu shekaru, amma ya fi araha nesa ba kusa ba, yana ɗan riƙe ɗumi ko da ya yi laima, kuma idan aka wanke shi da safe aka shanya, kafin la'asar ya bushe.

A ƙasashen sanyi, inda ake buƙatar cusa abu mai yawa, bambancin nauyin nan babba ne, shi ya sa masu hawan dutse a can ke rububin gashin tsuntsu. A wurinmu lissafin ya canza. Jakar daren digiri 15 siririya ce ko da me aka yi ta, don haka abin da gashi zai rage wa mai ɗauka bai wuce 'yan giram ɗari biyu ko uku ba, alhali abubuwan da ke ɓata shi su ne abokan zamanmu kullum: zufa, raɓar ƙarshen damina, da ƙurar hunturu da ke tilasta yawan wanki. Na taɓa kwana a gindin wani dutse a watan Oktoba tare da abokin tafiya da ya kashe kuɗi mai yawa a kan jakar gashi, muka kwanta a waje saboda tantin ya yi zafi, da asuba raɓa ta sauka. Tawa ta roba na girgiza ta na rataya a reshe, kafin mu gama shan shayi ta sha iska, tasa kuwa haka ya cusa ta a jaka da danshinta, kuma warin da ta yi da dare ya sa ya koma rufa da rigarsa. Ban ce kada kowa ya sayi ta gashi ba, domin wanda zai yi kwanaki yana tafiya da ƙafa da kaya a bayansa a lokacin rani zai ji daɗin kowane giram da aka rage masa. Wanda mota za ta kai shi har bakin sansani ba shi da wannan hujjar.

Siffar jakar tana biye da wannan a muhimmanci. Akwai mai matse jiki, wadda ke da faɗi a kafaɗa ta tsuke a ƙafa, da hula da ake zuge wa fuska, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan gawarwakin mutanen Masar na dā da ake naɗewa da ƙyalle. Ta fi kowace ɗumi da rashin nauyi, amma a daren da bai yi sanyi ba kurkuku ce, musamman idan zif ɗinta ya tsaya a ƙugu. Akwai kuma mai kusurwa huɗu, wadda zif ɗinta ke zagayawa har ƙasan ƙafa, ta yadda za a iya buɗe ta gaba ɗaya ta zama bargo. Wannan ce nake ba wa mafi yawan mutane shawara, domin tana tafiya da yadda darenmu ke sauyawa: a farkon dare a kwanta a kanta, da tsakar dare a ja rabinta a rufa, da asuba a zuge. A duba ko zif ɗin yana da kai biyu, saboda mai kai biyu yana ba da damar a buɗe wurin ƙafa kawai iska ta shiga. Nau'i na uku, wanda masu tafiyar ƙafa ke yayi, mayafi ne mai aljihun ƙafa, babu baya babu hula, kuma yana da kyau ga wanda ya riga ya mallaki shimfiɗa ta kirki.

Akwai lokutan da ko jakar ma ba a buƙata, ƙyallen cikinta kaɗai ya isa. Wannan wani siririn buhu ne na auduga ko alharini ko foliyesta, wanda asali aka yi shi don ya kare jakar daga dauɗa, amma a bazara yana tsayawa da ƙafarsa. Na alharini nauyinsa bai kai na wayar hannu ba, na auduga ya fi nauyi amma ya fi shan zufa, kuma kowane tela zai ɗinka shi daga zanen gado. Maniyyata su lura da wannan sosai. Daren Muzdalifa a fili ake yinsa a kan tsakuwa, kuma a shekarun da aikin Hajji ya faɗo cikin zafin Saudiyya, ƙasar kan kwana da ɗuminta, don haka alhaji ya fi buƙatar abu mai taushi a ƙarƙashinsa fiye da abin rufa. Jaka mai hula kuma ba ta da amfani ga namijin da ke cikin harami, tunda ba zai rufe kansa ba.

Maganar ƙarƙashi ta shafi kowa. Duk abin da jiki ya danne a cikin jaka ya daina aiki, gashi ne ko roba, saboda iskar da ke tsakanin zaren ce ke riƙe ɗumi. Shi ya sa a hunturu mutum zai ji sanyi na shigarsa ta baya ko da jakarsa mai kyau ce. 'Yar katifar soso mai naɗewa tana magance wannan, ba ta tsoron ƙaya, ba kamar wadda ake hurawa ba, wadda ƙarangiya guda ke iya sace iskarta. Haka nan jakar barci ba ta maye gurbin gidan sauro, domin a daren zafi dole mutum ya fito da hannu da ƙafa, don haka a ware kuɗin gidan sauron tun a cikin kasafi.

Game da nauyi, jakar roba ta bazara da ta haura kilo ɗaya ta fara yin yawa. Kada kuma son sauƙi ya kai mutum ga ƙyalle mai siranta ƙwarai. Akan rubuta kaurin zaren da lamba da harafin D, kuma 10D ko 15D an yi su ne don cikin tanti, alhali wanda zai shimfiɗa a ƙasa mai tsakuwa da ƙaya ya fi dacewa da 40D ko sama da haka. Tsawon jakar ya ɗara na mai ita da kamar taƙi guda.

Da yawa daga cikinmu a gwanjo za mu saya, a Ƙofar Wambai ko makamancinta, kuma ana samun kaya masu kyau a can idan an iya dubawa. A zaro jakar daga buhunta a girgiza, a bar ta ta ɗan huta a ga ko za ta kumbura, sannan a ɗaga ta ga hasken rana, domin duk inda haske ya ratso ƙwarai, cikin wurin ya zaizaye. A ja zif ɗin sau uku ko huɗu daga sama har ƙasa, da hannu a ciki kamar yadda za a yi cikin duhu, a ga ko yana cizon ƙyalle. A sansana wurin ƙafa, saboda warin rima ba ya fita da wanki ɗaya. Idan an kawo ta gida, kada a ajiye ta a matse cikin ɗan buhunta har wata tafiyar, a rataye ta ko a saka ta sakwa-sakwa a cikin babbar rigar matashi. A daji kuma, a bar ta a naɗe har lokacin kwanciya, kuma a kakkaɓe ta da kyau kafin a zura ƙafa, saboda kunama ma tana neman wuri mai ɗumi.