Hattara da mai tallar "Superman na 1938"

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Bronx da kewaye, akwai wani mutum da ke bin mutane a WhatsApp da hoton wata tsohuwar mujallar labari cikin zane, irin wadda ake kira komik. A bangonta ga Superman ya ɗaga koriyar mota sama. Yana cewa ya sayi wani sito na haya a gwanjo ne a New Jersey, sai ya tsince ta a ƙasan kwali. Wai shi ba shi da takardun zama, don haka ba zai iya kai ta babban gidan gwanjo ba, amma in aka haɗa masa dala 5,000 zai sallama. In kuma ba ka da su, ka sa 500 ka samu kaso idan an sayar. Ƙanen wani aminina, direba ne, ya ɗauki kuɗin adashinsa dala 1,500 ya tura. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan lambar a kashe.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa shi ne, rabin maganarsa gaskiya ce. Mujallar da yake cewa ita ce a hannunsa, Action Comics lamba 1, ta fito a 1938, a cikinta Superman na Jerry Siegel da Joe Shuster ya fara bayyana, kuma senti 10 aka sayar da ita a lokacin. A 2014 an sayar da kwafi ɗaya a eBay sama da dala miliyan 3, a watan Afrilu na 2024 kuma gidan gwanjo na Heritage ya sayar da wani a dala miliyan 6. Hatta zancen sito ba ƙirƙirarsa ya yi ba, aro ya yi. An sace kwafin ɗan fim Nicolas Cage a 2000, aka gano shi a 2011 cikin wani sito a Kalifoniya, aka sayar sama da dala miliyan 2. Duk wanda ya bincika a intanet zai ga waɗannan, sai ya ce ai biri ya yi kama da mutum.

To ni na ga hotunan, kuma a ɗaya daga ciki ne asirinsa ya tonu. Ya ɗora mujallar a kan teburi kusa da wayarsa, ga ta faffaɗa kamar faranti. Ta asali ba haka take ba, tsawonta inci 10 da ɗoriya ne kawai. Wadda ke hannunsa ita ce wadda kamfanin DC mai buga Superman ya sake bugawa a 1974 da sunan Famous First Edition, a kan dala ɗaya. An yi ta da girma, tsawonta ya haura inci 13, aka lulluɓe ta da bango na biyu mai kauri wanda ya bayyana ƙarara cewa maimaici ce. Idan aka ɓalle wannan bangon na waje, abin da ya rage a ciki kwafin ta 1938 ne sak, har da senti 10 ɗin da shekarar. Wannan dabara ta tsufa, masu tara komik sun daɗe suna gargaɗi a kanta. Tef ɗin tela ya isa ya raba gardama, shi ya sa da ƙanen namu ya ce a auna masa, mutumin ya ce ba ya so a yi ta taɓa ta kada ta lalace.

Ya kuma turo hoton wata, wai Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962, farkon fitowar Spider-Man, wadda aka taɓa sayar da kwafinta dala miliyan 3.6 a 2021. A wannan ma bai wahalar da kansa ba: a kusurwa ga ƙananan layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti wajen biyan kuɗi. Ba a fara sa su a bangon komik ba sai tsakiyar shekarun 1970.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne akwatin roba. Komik mai tsada akan kai shi wajen kamfanin tantancewa, mafi shahara shi ne CGC da ke Florida. Su duba, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi a roba mai garai-garai da takarda a sama. Shuɗiyar takarda na nufin ba a yi masa gyara ba, mai launin shunayya kuwa na nufin an yi masa kwaskwarima, kuma farashinsa kan faɗi sosai. Kowane akwati yana da lambarsa, kana iya shigar da ita a shafin kamfanin ka ga sunan mujallar da makinta. Shi wannan mutumin kullum yatsansa na kan lambar a hoto. Da aka matsa masa, sai ya turo wata, aka duba, ta wata mujalla ce daban. Kuma ko lambar ta dace, kada ka saki jiki, domin kwafar lamba daga hoton gwanjo ba wuya ba ne.

Ga waɗanda ya lallaɓa da ƙananan kaya kuwa, wai "mutuwar Superman" ta 1992 da X-Men lamba 1 ta 1991 a dala 300 kowace, ku sani tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Na 1938 sun yi daraja ne don yara sun karanta sun yar, aka kuma tattara takardu da yawa aka sake sarrafa su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kaɗan suka tsira. Ita X-Men ɗin nan sama da miliyan 8 aka sayar, kowa ya adana tasa a leda. Je ka kowane shagon komik, za ka same ta a kwalin araha.

Ƙanen namu ya kai ƙara wajen 'yan sanda da bankinsa, amma da yake da hannunsa ya tura ta manhajar tura kuɗi nan take, an ce masa kada ya sa rai sosai. Mutumin kuwa mun ji ya dawo da sabuwar lamba, yanzu wai siton a Pennsylvania yake. Hoton dai bai canja ba: teburi mai ruwan ƙasa, waya a gefe, da koriyar motar nan. Wanda ya gani ya ɗauki hoton hirar kafin mutumin ya goge ta, ya haɗa da lambar, ya sanar da shugabannin ƙungiyarsu.