Na'urar ji: wacce za ka saya wa tsohonka a Sakkwato?

Kawuna ya shekara fiye da ashirin a bakin injin niƙa. Da jinsa ya ja baya, sai na shiga kasuwa na sayo masa ƴar na'urar nan mai araha da ake sawa a kunne. Kwana uku ya jefa ta cikin aljihun tebur. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Yaro, ƙarar kabu-kabu da janareta kaɗai take ƙara min, maganar mutane kuwa ta ɓace."

Gaskiyarsa. Irin wannan amsa-kuwwa ce kawai, komai ta samu ɗaga shi take yi. Sauti yana bugun dodon kunne, ya bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa uku, ya isa wani sashe mai siffar katantanwa a can ciki. A nan akwai ƙwayoyi masu ƴan gashi da ke miƙa saƙo ga ƙwaƙwalwa, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Tsufa da hayaniya sukan fara cinye masu kama siririn sauti, shi ya sa mutum zai ji ana magana amma bai gane ba. Na'ura ta gaskiya ana saita ta ne daidai inda jin ya ragu.

Don haka gwajin ji ne farko. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wani ma dauɗar kunne ce ta toshe shi, ko ruwa ne ke fita, magani yake bukata kafin a yi zancen saye. Wanda kuwa jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ya haɗa da hajijiya, ya garzaya asibiti a ranar, domin abin da ke riƙe daidaiton jiki ma a cikin kunne yake.

Tsakanin wadda ake rataye a bayan kunne da ƴar mitsitsiyar da ke shigewa ciki, ni ta baya na zaɓa. Ta ciki ba ta fiye nunawa ba, masu jin kunya sun fi son ta, amma dauɗa tana saurin toshe ta, kuma yatsun tsoho ba sa iya sarrafa ta. Ta baya ta fi ƙarfi, ana cire robarta da ke shiga cikin kunne a wanke. Aibinta, gumin watan Afrilu da ƙurar hunturu suna damunta, rawani ko hijabi kuma kan sa ta yi fito idan robar ba ta zauna daidai ba.

Sai batir. Ana gane girmansa da lamba da launin tambarinsa: lamba 13 mai launin ruwan lemo yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, 312 mai ruwan ƙasa bai kai haka ba, 675 mai shuɗi na manyan na'urori ne. Kafin ka biya, tambayi inda za ka riƙa samun irinsa a cikin gari. Mai caji ta fi sauƙi in kuna da sola a gida. In wutar NEPA kuke jira, ɗauki mai batir, kuma a riƙa cire ta kafin alwala.