Gargaɗi ga masu sayen akurkin kaji a intanet

'Yan uwa masu kiwon kaji a gida, ku yi hattara da masu tallar "sabon akurki" a intanet. Ni an yi mini sakiyar da ba ruwa, sai da na rasa kaji biyu kafin na gane inda cutar take.

Kajina 10 ne, tsohon akurkinsu ya ruɓe daga ƙasa. Na ga hoton wani na katako, an rubuta sabo ne fil, yana ɗaukar kaji 12. Mai tallar ya ce in tura rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran kuma in biya kafin a sauke daga mota. Haka aka yi. Fentin sai sheƙi yake, warinsa ma bai gama fita ba. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Tun ranar na lura bai kai girman da aka faɗa ba. Kowace kaza tana bukatar kamar santimita 25 a kan sandar kwana, sandar wannan akurkin kuwa mita ɗaya da rabi ce, wato ta kaji 6. Na ƙara wata sandar da kaina, na haƙura.

Ƙaurar na yi ta yadda ta dace. Da daddare na kwashe su ɗaya bayan ɗaya, tunda kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta wahalar kamu. Na ɗora su a kan sanda, na kulle su kwana 5 da ruwa da abinci don su san nan ne gidansu.

A nan damfarar take, ku karanta da kyau. Duk mai kiwo ya san kaza idan ta sauya wuri tana rage ƙwai na ɗan lokaci, kuma takan nemi komawa tsohon makwancinta. Da wannan mutumin yake fakewa. Da na buɗe su, magariba na yi sai su taru a bakin ƙofa su ƙi shiga. Na kira shi, ya ce baƙunta ce, in ba su mako biyu. Ƙwai ya tsaya cak, zankayensu suka yi fari-fari, ya ce har yanzu baƙunta ce, har ya so ya sayar mini da wani garin magani da ya ce yana sa kaji sabo da wuri. Babu maganin sabo. Yana ja mini rai ne kawai har lokacin mayar da kaya ya wuce.

Ranar da kaza ta biyu ta mutu, na shiga da tocila cikin dare, na goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar. Ya fito da jirwayen jini. Na kankare fenti a wata gaɓa, sai ga ƙananan jajayen ƙwari sun yi cincirindo a tsagar katakon, ga ramukan tsofaffin ƙusoshi an cike su. Tsohon akurkin wani ne aka shafe da fenti. Waɗannan ƙwarin da rana ba a ganinsu a jikin kaza, a katako suke ɓuya, sai dare su fito shan jini. Cikin kamar mako guda suke hayayyafa, kuma suna iya yin watanni a akurkin da babu kaza ko ɗaya. Ni kuwa na kulle bayin Allah da su kwana 5. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Da na tura masa hoton ƙyallen, ya toshe lambata, shafinsa ya yi ɓatan dabo. Bayan kwanaki na ga hotunan nan dai a ƙarƙashin wani sunan.

Don Allah kada ku biya cikon kuɗi sai kun sa awo kun auna da hannunku. Ku zare sandar kwana ku duba bakinta, ku leƙa gaɓoɓi da akwatin ƙwai, ku tambayi dalilin fenti mai kauri a cikin akurki. Idan kajinku suka kai mako suna ƙin shiga da yamma, ku daina jiran sabo, ku je da tocila da farin ƙyalle, sannan ku nemi likitan dabbobi. Takwas ɗin da suka rage mini yanzu suna wani wurin, akurkin kuwa na ƙona shi.