Kafin ka sayi manhajar bakof, ka tambayi yadda take dawo da Windows

Watan jiya hadi-dis ɗin kwamfutar shagonmu ya mutu da safe, kawai na kunna sai na ji wani ƙas ƙas ƙas a ciki, allo ya yi baƙi, ga mutane a bakin ƙofa da takardunsu suna jiran firintin. Abin da ya cece ni shi ne ina da imej ɗin faifan gaba ɗaya a estanal (faifan waje da ake jonawa ta USB), wato ba kwafin fayiloli kawai ba, hoton komai da komai ne, Windows ɗin da direbobin firinta da Corel da fon-fon ɗin, wato salon haruffa, da na sha wahala kafin na tara. Na sa sabon SSD, na yi butin da filash, wato na tayar da kwamfutar daga kansa, kafin azahar mun ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Tun ranar mutane ke tambayata wace manhaja za su ɗauka, toh amsata ita ce kusan dukkansu sun iya ɗaukar bakof, wato kwafin ajiya, inda suke bambanta shi ne ranar dawowa da shi, don haka ta nan zan auna su.

Na farko wanda yake cikin Windows ɗin kansa, Backup and Restore, yana nan a Control Panel tun zamanin Windows 7. Kyauta ne, ba ka buƙatar sauke komai, shi ya sa mutane ke son sa. Amma Microsoft da kansu sun daina inganta shi tun 2017 suka ce a nemi na wasu kamfanoni. Kuma yana da taurin kai, in faifanka na da tera 1 ne ka je ka sayo SSD mai giga 512 saboda shi kuɗinka ya kai, ba zai yarda ya zuba a ciki ba ko da abin da ke kan tsohon bai wuce giga 100 ba, sai dai in ka rage girman fatishan ɗin, wato kason faifan da Windows ke ciki, tun kafin ka ɗauki imej. Wa zai tuna da wannan alhali faifai na lafiya? Ni dai ban ba da shawarar a dogara da shi shi kaɗai ba.

Sai Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar bincike ta ƙasar Taiwan. Gaskiya ina girmama ta, kyauta ce har abada, ba ta damu ko Windows ne ko Linux ba, a filash kake sa ta ka yi butin da ita, kuma wurin da ke da bayanai kawai take kwafa ta matse shi don imej ɗin ya yi ƙarami. Matsalarta fuska. Rubutu ne zalla a allo, ba linzami, kuma ba za ka ga C ko D ba, sunayen faifai irin su sda da sdb da nvme0n1 za ka gani, in ka rikice ka zaɓi estanal ɗinka a matsayin inda za a zuba, shikenan ka goge bakof ɗin da hannunka. Ita ma tana son wurin da za a zuba ya kai girman na asali ko ya fi. In kai mai gyara ne da ke loda kwamfuta ashirin iri ɗaya na makaranta ko santar jarrabawa, wallahi babu kamarta. In kuma ba ka saba ba, ɗauki Rescuezilla, ita tana da hotuna da linzami, danna nan danna can, kuma tana buɗe imej ɗin da aka yi da Clonezilla. Abin da za ka riƙe a kan su biyun shi ne sai ka kashe kwamfutar ka yi butin da filash duk lokacin da za ka ɗauki bakof, ba sa yi da kansu, kuma mun san halinmu, yau gobe yau gobe sai ka ga imej ɗinka na ƙarshe ya yi wata takwas.

Nan ne Veeam Agent na Windows ya fi burge ni, akwai na kyauta. Kana cikin aikinka yake ɗauka, ka sa masa lokaci kullum ko kuma ka ce duk sanda aka jona estanal ya fara, karon farko ne kawai yake kwashe komai, bayan nan abin da ya canza yake ƙarawa, mintoci kaɗan ya gama. Yana haɗa maka filash ɗin ceto, wanda za ka yi butin da shi ranar da Windows ta ƙi tashi, har da direbobin kwamfutarka a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne domin sababbin laftof masu Intel da yawa in ka yi butin da filash ɗin da babu direban da ya dace, SSD ɗin ma ba zai bayyana ba sam, ka zauna kana kallon allo. Kuma in fayil ɗaya ka rasa, ka buɗe bakof ɗin ka ciro shi ba sai ka dawo da komai ba. Sai ka yi rijista kafin ka sauke, kuma yana da ɗan nauyi, ka tanadi data.

Na kuɗi kuma akwai Macrium Reflect da Acronis True Image. Macrium a da yana da na kyauta wanda duk masu gyara suka sani, amma kamfanin ya janye shi, yanzu biya ake yi duk shekara, Acronis ma haka, kuma da dala ne, ka san yadda canji yake. Me kake saya da kuɗin? Babba shi ne dawo da Windows a kan kwamfutar da ba irin tsohuwar ba, misali an sace HP ɗinka ka sayo Dell, Macrium na kiran abin ReDeploy, Acronis na ce masa Universal Restore. Kuma suna rage fatishan da kansu ya shiga ƙaramin SSD muddin bayanan za su shiga. Ofis ko asibiti ko shagon da tsayawar yini ɗaya asara ce ta gaske, su biya, ya cancanta. Ɗalibi mai laftof ɗaya, a'a. Wani abu da ba kowa ya sani ba, in faifanka na Western Digital ne ko Crucial, akwai Acronis na musamman da suke bayarwa kyauta a shafinsu, an rage masa wasu abubuwa amma ka duba kafin ka fitar da ko sisi.

Yanzu estanal ɗin da za a ajiye imej, dan Allah a nan kar a yi rowa. Na taɓa sayen wani a kasuwa, kwali sabo fil, mai shago har da rantsuwa, da na zo gida na duba da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, sai ga shi ya yi aikin dubban awanni, tsohon faifan laftof ne aka sa wa sabuwar riga. Ka je da laftof ɗinka ka duba a gabansa, in filash ne ko SSD mai arha da ta yi yawa ka gwada da H2testw, shi zai faɗa maka ko girman da aka rubuta gaskiya ne. In ka ga tera 1 ya nuna giga 931 kar ka tayar da rigima, haka lissafin yake. Ka sayi wanda ya ninka bayananka sau biyu a ƙalla, ka yi masa fomatin NTFS domin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. Ka jona a ramin USB 3, mai shuɗin ciki ɗin nan, giga 200 a can kamar rabin awa ne, a tsohon USB 2 kuwa ya fi awa ɗaya da rabi, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa daga farko za ka sake, don haka destof sai da UPS ko inbata, laftof a cika caji tukuna.

In BitLocker, makullin Windows da ke kulle faifai, na kunne a kwamfutarka, lambobin nan 48 na buɗewa ka rubuta su a takarda ka adana yau, yawanci suna cikin akawun ɗinka na Microsoft. Sannan ka lura ko UEFI kwamfutar ke amfani da shi ko Legacy, hanyoyi biyu ne na tashin kwamfuta, in ka dawo da imej ta ƙi tashi, sau da yawa saitin nan ne ya saɓa a BIOS, ba imej ɗin ne ya lalace ba.

Ni abin da nake yi yanzu, Veeam yana ɗauka kullum da yamma, sannan duk wata na yi guda da Rescuezilla a wani estanal daban da nake ajiyewa a gida. Duk wadda ka zaɓa, a ranar ka haɗa filash ɗin ceto, ka yi butin da shi ka tabbata yana ganin faifan ciki da estanal ɗin duka, in kana da wani tsohon faifai a ajiye ka zuba imej ɗin a kansa ka ga Windows ta tashi da idonka.