Hular kwanon da na saya saboda sikutar haya a Jidda

Wata huɗu kenan ina amfani da hular nan, kuma duk wanda ya ganni da ita a Kornish, wato bakin tekun Jidda, sai ya tambaya ina na samo, nace to bari in faɗi yadda na same ta kowa ya huta.

Sikutar hayar nan mai lantarki da ake hawa a tsaye, wadda ake buɗewa da waya, duk waɗanda na taɓa hawa babu hula a jikinsu, daga kai sai ƙoƙon kanka. Nima haka nake hawa har ranar da ɗan yayata ya kifa a gabana bayan isha'i, can wajen da ake hango famfon Malik Fahad mai feshin ruwa sama a cikin teku, ba wani gudu yake ba wallahi, tayar ce ƙarama ta daki ɗan tudun siminti kawai sai gani nayi yaro ya tafi da goshi, jini har cikin ido, hannuna na rawa na kira 997 motar asibiti ta Hilal Ahmar tazo. Ɗinki ya sha, Allah ya taƙaita.

Washegari na shiga wani shagon kayan wasanni, mai sayarwar ashe Bahaushen Sudan ne ɗan Wad Madani, yana jin ina waya da Hausa yace Malam zo in auna ka. Ya zagaya tef a kaina ya samu santimita 58, ya bani M, wato matsakaiciya, ya juya cikinta ya nuna min takardar da aka manna mai rubutun EN 1078, yace ma'aunin Turai ne na hular keke, wadda babu irin wannan shaida kar in ɗauka ko kyauta ce. Abin da ban sani ba sai a bakinsa, cikin nata irin farin soson nan ne mai tauri da ake saka firij a kwali, shi yake murƙushewa ya shanye bugun, shi yasa in ta bugu sau ɗaya ta gama aiki ko ba a ga tsaga ba. Riyal 120 na biya.

Bata da nauyi sam, ramukan iskan suna aiki in ana tafiya, akwai ɗan maɓalli a ƙeya da ake murɗawa ta kama kai. Yatsa biyu tsakaninta da gira yace, ba a tura ta baya kamar zanna.

Amma fa gumin Jidda ba wasa ba. Soson goshin kwana uku ya fara tsami, gara da ana ɓalle shi, ni duk juma'a nake wankewa. Igiyar ta goge min ƙasan kunne satin farko kafin in gane gyaranta, ɗan rufin ranan gaban kuwa ya karye a jaka, na cire shi gaba ɗaya. Ɗawainiyar yawo da ita tafi damuna, ka ajiye sikuta ka barta amma hula tana hannunka har masallaci, yanzu dai a bayan jaka nake ratayawa.

Na koma na sayo ta biyu ma yaron, yaya tace in ba da ita ba ko ƙofar gida bazai leƙa da sikuta ba.