Sharhi: Sauya Safar Tacewa da Na'urar Naɗi a Tsohon Tankin Murjani

Mai kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi da ya gaji da wanke safar tacewa, wato jakar ƙyallen da ke tare dattin ruwa, duk bayan kwana biyu ko uku, na'urar naɗi za ta burge shi. Ruwan da ke gangarowa zuwa tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban inda kayan tacewa suke, yana ratsa wani siririn ƙyalle. Idan ƙyallen ya toshe, ruwa ya taso ya taɓa sensa, sai ɗan injin ya juya ya jawo sabon sashe, mai dattin kuma ya naɗe a sama, a wajen ruwa. Safa mai maikiron 200 (girman ramukanta ke nan) tana riƙe datti ne a cikin ruwan har ya ruɓe ya koma naitiret. Naɗin kuwa fitar da shi yake yi tun kafin ya ruɓe. Ruwa yana yin garau, ƙyallen da ya fito kuma kore-kore ne mai ƙarni kamar bakin teku.

To, wannan ƙwazon na na'urar shi ne haɗarinta. Tankin da ya shekara uku ko huɗu da murjani iri-iri, Acropora a sama, Euphyllia da Zoanthus a ƙasa, ya riga ya saba da wani adadi na abinci a ruwa, wato sinadaran naitiret da fosfet. Idan naitiret ya faɗi daga ppm 10 (kashi 10 cikin miliyan) zuwa sifili cikin 'yan makonni, fosfet ma ya ɓace daga ma'auni, Acropora kan dushe, Euphyllia ta ƙi buɗewa sosai, sannan wata yauƙi mai ruwan ƙasa da ƙananan kumfa ta lulluɓe yashi. Dainofilajelet ke nan, wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka, kuma korarsa ta fi wankin safa wahala nesa ba kusa ba.

Don haka abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. A saka naɗin, a bar bawul ɗin kewaye a buɗe kaɗan domin wani ruwan ya wuce ba a tace ba, a riƙa auna naitiret da fosfet sau biyu a mako. A riƙe naitiret tsakanin ppm 5 da 10, fosfet tsakanin ppm 0.03 da 0.1. In sun fara sauka, a cire GFO (sinadarin da ke tsotse fosfet) tukuna, a rage maganin kabon da ake zubawa don rage naitiret, ko a ƙara ciyar da kifi. Idan sai an kwashe ƙwallayen tacewa ko tubalan yumbu kafin na'urar ta samu wuri, a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu a mako, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya a jikinsu suke. Kumfar sikima, na'urar da ke cire datti ta hanyar kumfa, ita ma za ta ragu, ba lalacewa ta yi ba, an rage mata abinci ne.

Naɗi na farko yana ƙarewa da wuri saboda tsohon dattin da aka tayar, bai kamata a yi wa na'urar hukunci da shi ba. Abin da na fi ƙi shi ne lokacin da aka kashe famfon mayar da ruwa zuwa babban tanki: tankin ƙasa ya cika, sensa ta ɗauka toshewa ce, injin ya yi ta jan ƙyalle mai tsabta a banza. A kashe na'urar tare da famfon, kuma a auna faɗin tankin ƙasa da tsayin da ke samansa kafin a saya, don canza naɗi yana buƙatar wurin shigar hannu.