Zama a rukunin A: wutar ta gyaru, lissafin ne da sauran magana

Layin wutar unguwarmu a Barnawa, Kaduna, yana cikin waɗanda aka saka a rukunin A, wato Band A da kowa ke faɗa. Tsarin dai tun 2020 NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta fito da shi: rukunin A wutar awa 20 a rana aƙalla, B awa 16, C 12, D 8, E kuma 4. Bai dame mu ba sai a Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin unit ɗaya na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225. Bayan kururuwar jama'a aka sauke zuwa 206.80 a watan Mayu, a Yuli kuma aka mayar 209.50.

Gaskiya wuta ta gyaru. Firizar uwargida da a da sai dai a ajiye kwanuka a ciki, yanzu tana daskarar da zoɓo da kunun aya har yara su fita da su bakin titi. Janareta kuwa ƙura ta rufe shi a bayan gida, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wanda yake juya wutar ta zama kuɗi, ko mai walda ko mai ƙanƙara, ba zai ce an cuce shi ba.

Amma mitar nan mai kati ba ta da kunya. Naira dubu goma da a da take ba ni unit sama da 130, yanzu idan an cire harajin VAT na kashi 7.5 ko 50 ba ta kaiwa. A watan Afrilu, da zafi, fankoki uku da firiza suna aiki, sai ka ga jan fitilar mitar tana ƙiftawa kamar ana kora ta. Guga yanzu rana ɗaya ake yi a mako, hitar ruwa kuma an jefa ta cikin durowa, mun koma ɗora tukunya a kan gas. Shi gas ko ba komai kilo ne, farashi ɗaya ga kowa, ka ga sikeli da idonka.

Inda tsarin ya ba ni haushi shi ne, ba a duba ƙarfin gida ko yawan abin da yake ci, layin da ya ratsa ƙofarka kawai ake dubawa. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai ɗaki biyu da ƙaramin firiji, farashinta ɗaya da gidan benen da ke kan kwana mai na'urorin sanyaya ɗaki a kowace taga. Ita ba ta nemi awa 20 ba, ba kuma ta da hanyar cewa a mayar da ita B.

Sai batun awannin kansu. Ƙa'ida ta ce layin da ya kasa cika awa 20 har kwana bakwai a jere a sauke shi daga rukunin A. To wa ke ƙirgawa? Da damina hadari na tasowa ake ɗaukewa, wani lokaci sai washegari da hantsi, amma unit ɗin da zan saya da yamma farashinsa na nan daram. Da za a riƙa turo wa kowane mai mita saƙon awannin da layinsa ya samu duk wata, da na biya ba tare da ƙorafi ba.